Yadda na kawo Baba Yamai aikin ido

Shekara uku cur ina fama da Baba kan maganar idon nan nashi. Duk sanda na kira ƙanena nace ya miƙa mai waya sai ya samo dalili, da damina yace gona, da kaka yace sai an ɗaure hatsi an sa rumbu, da sanyi yace tsuntsaye sun sauka tabki ba shi barinsu, da bazara kuma wai zafin Yamai ba na ɗan Adam ba ne. To ku lissafa min wane wata ya rage a shekara? Ni kuma ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗi, "ɗan birni" yake ce min, balle in ɗaga mai murya.

Baba tsohon ma'aikacin gandun daji ne, forestiye dai, sama da shekara talatin yana cikin kaki. Ya yi Tapoa a bakin gandun W, wanda aka kafa tun 1954 aka sa mai wannan suna saboda yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin, daga baya aka maido shi wajen Kure inda raƙuman dawa suke. Da ya aje aiki abokansa kowa ya nemi fili a Yamai ko Tawa ya kafa bulo, shi ko ya tattara Inna da akuyoyinta ya koma wani ɗan ƙauye kusa da tabkin Tabalak, kan hanyar Abalak, kamar kilomita 50 daga Tawa. Inna takan ce ita ba a taɓa yi mata kishiya ta mutum ba, amma daji ya isheta kishi. Muna yara in wani uba ya dawo da tsaraba alawa ce ko biskit, namu uban ƙayar beguwa yake kawowa ko gashin tuje, ya jera mu yana tambaya wannan na mene ne. Na taɓa shan bulala mai kyau saboda na harbe kurciya da danƙo alhali ba yunwa nake ji ba, ranar da na faɗi jarabawa kuwa ko kallona bai yi ba.

Abin da ya karya shi a ƙarshe abin dariya ne, amma ni da na ji sai da na yi hawaye. Wata safiya ya zauna gindin aduwa ya kafa ido kan wata farar ƙaya kusan awa guda, yana ce ma yara su yi shiru wani baƙon tsuntsu ya sauka bai taɓa ganin mai irin wannan zaman ba. Ashe baƙar leda ce iska ta maƙala. Yara suka fashe da dariya, shi bai ce komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Da dare ya sa aka kira ni, yace "ɗan birni, taho ka kai ni wurin masu idon ga, amma hwa ka sani ba zama za ni yi ba."

Washegari na nemi izini a wurin aiki na shiga kar. Farkon 2024 ne, cikin sanyi.

Kayan da ya haɗa: buzun salla, buta, sanda, riga biyu, wani tsohon jumel, madubin hangen nesa, da ido ɗaya ya fashe tun ina lakwal, da wani karne, ɗan littafin rubutu, da ya sha jiki wanda ya zana wuyan raƙuman dawa a ciki. Nace Baba jumel ɗin me zai yi maka a gari, yace shi ma ido ɗaya gare shi kamar ni, mu tahi tare. Muka kwana Tawa gidan ƙanwarshi, da asuba muka kama hanya, Konni, Dogon Dutsi, Doso. Duk tafiyar nan ta sama da kilomita 500 bai yi barci ba, kuma duk da ba ya gani sosai ya fi ni sanin inda muke. Da mota ta gangara wajen Birnin Gaure yace mun shiga dallol ke nan, wato kwarin tsohon kogi, nan raƙuman dawa suke saukowa da rani su ci gawo, don gawo shi kaɗai ke da ganye lokacin da kowa ya zubar, da damina kuma su hau tudu cikin geza da sabara.

Bamu daɗe da wucewa ba wani yaro a baya ya ƙwala ihu, ga raƙumin dawa ga raƙumin dawa! Mota duk ta karkata gefe ɗaya, kowa ya zaro waya. Guda uku ne, can nesa kaɗan da kwalta, suna tsaye abinsu. Baba ya manna fuska a gilas har hularshi ta faɗi, na san ba abin da yake gani sai hazo. Ya damƙe min hannu yace nawa ne? Nace uku. Da ƙarami? Nace akwai ɗaya ɗan madaidaici. Babban jikinai ya yi duhu ko da haske? Kan ƙahon da gashi ko sanƙo? Ni wallahi ban ma san ana duba wannan ba, kafin in ƙura ido mun wuce. Yace in da tuntun gashi mace ce, namiji faɗa ke cinye mai gashin ƙaho. Daga nan har muka shiga gari labarin 1996 yake ba wani ɗan kasuwa da ke gefenmu, shekarar da aka ƙidaya aka tarar saura 49 kacal irin nasu a duk duniya, yadda suke bin su a ƙafa suna gane kowane da zanen jikinsa don ba biyun da suka yi kama, yadda manoma ke zuwa da fushi an cinye masu wake sai an zauna an ba da haƙuri. Yanzu sun haura 600. Da ɗan kasuwar ya kawo maganar harin watan Agustan 2020 da aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu, sai Baba ya yi shiru, ya ɗauko tasbaha.

Gidana a Talaje yake, ba nisa da filin jirgi. Tun kafin ya zo na sa an gyara ɗakin baƙi, sabuwar katifa, bantilater, har labule uwargida ta canza. Ya shiga ya shafa bango ya fito, yace a shimfiɗa mai buzu a tsakar gida. Cikin sanyin nan fa. Wai ɗakin kamar rumbun siminti, mutum ba ya jin iska ta juya. Makewayi na cikin gida kuwa cewa ya yi shi bai taɓa ganin inda ake dafa tuwo a kuma yi bayan gida ƙarƙashin rufi guda ba, ko dila ya fi mu tsari. Ya gaida maƙwabcina da safe, mutumin na sauri ya ɗaga hannu kawai ya tada moto, Baba ya yini yana tambaya ko mun yi faɗa ne. Mutum ɗaya ce ta iya da shi, 'yata mai shekara biyar da yake kira amarya, ita ke jan sandarshi tana cewa angon nan nawa makaho ne a canza min wani.

Asibitin ba zan faɗi sunanshi ba. Mun isa tun shida da rabi mun tarar da layi har bakin ƙofa, yawanci tsofaffi, kowane da ɗa ko jika riƙe da hannu. Ka yanki tike a wannan taga, ka biya a waccan, ka dawo a buɗe maka dosiye, ka jira. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu gwajin farko, wannan allon mai alama kamar cokali mai yatsu uku da ake cewa ka nuna inda ta fuskanta. Yarinyar tace Baba nuna da hannu, shi ko yace ai wannan sawun zabo ne, ya nufi gabas. Ta ce Baba ba gabas ba, dama ko hagu? Yace ɗiyata ɗakin ku ne bai san gabas ba. Babba ta sama kawai ya iya gani da idon hagu, na dama ko yatsun da ta ɗaga gabanshi bai ƙirga ba sai dai haske da motsi.

Aka ɗiga mai magani ƙwayar idon ta buɗe, likita ya duba da na'ura, ya auna ƙarfin ruwan ido don a tabbatar ba hawan jinin ido ba ne, wanda shi in ya ci ido ba ya dawowa. Alhamdulillahi yana ce kawai, ido biyu, na dama ta nuna sosai. Likitan ya yi mana bayani da Hausa tsaf, ni kaina ranar na gane abin. Ashe yanar ba wata fata ba ce da ta rufe ido daga waje kamar yadda muke zato, wani ɗan madubi ne a can ciki da Allah ya halitta garau, tsufa da rana su sa ya dushe, aikin shi ne a ciro shi a saka na roba a madadinsa. Ya tambayi Baba ko ya taɓa bari masu yawo ƙauye da tsinke sun taɓa idon, masu tura yanar ta faɗa ciki, yace sun zo har sau biyu ya kore su. Likita yace ka taimaki kanka, da yawa sai sun lalace ake kawo mana.

Sai aka ce a auna sukari da tansiyo. Sukari lafiya lau, tansiyo ko ya hau. Baba ya rantse shi ba shi da wani hawan jini, taksin da muka shigo ne da yadda masu kabu-kabu ke shige mana ta ko'ina. Ko ma dai mene ne, aka rubuta ordonans aka ce a dawo bayan sati. Wannan satin shi ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum da safe sai yace a kai shi tasha. Rannan na dawo aiki na tarar ya fita shi kaɗai da sanda, hankalina ya tashi, ashe yana bayan layinmu wurin wani mai saida tsuntsaye a keji, ya sayi 'yan ƙananan nan guda shida da kuɗin goronshi, jika ɗaya da rabi, ya buɗe ya sake su a gaban mutumin. Nace Baba gobe ma zai kamo wasu ai, ka ƙara mai jari ne kawai. Yace na sani, amma waɗanga shida sun kwana gida.

Da muka koma tansiyo ya sauka, sai kuma dosiye ya ɓata, awa biyu ina zarya daga taga zuwa taga kafin a gano shi ƙarƙashin na wani. Aka auna tsawon idon don a san lambar madubin da za a sa, aka ba mu randebu ranar Talata, aka ce ya yi wanka ya wanke fuska da sabulu kada a sa kwalli.

Ranar aikin ni ne mai rawar jiki, shi ko kamar zai je kasuwa. Aka sa mai riga da hula na asibiti aka shige da shi. Ba a sa mutum barci, allura ce ake yi gefen ido ya mutu, a rufe fuska da ƙyalle a bar idon kawai. Ko minti arba'in ba a yi ba sai ga shi an riƙo shi da farin bandeji da wani ɗan kwano a kan idon. Nace Baba ya? Yace an yi mini irin ta Gadabeji. A 2018 ne aka ɗebi raƙuman dawa takwas daga Kure aka kai su gandun Gadabeji can wajen Dakoro, tafiyar sama da kilomita 800 a babbar mota, inda fari da farauta suka ƙarar da su tun shekarun 1970. Yace su ma haka ake masu, a yi masu allura, a rufe masu ido da ƙyalle, a toshe kunne, a yi ta magana a kansu kamar ba su nan. Har nas ɗin sai da ta dara.

Washegari da safe aka cire bandejin. Ya ɗan lumshe, hawaye na zuba, ya buɗe a hankali ya dubi likita, ya dubi bango, sai ya juyo kaina ya tsaya. Ni na ɗauka wata babbar magana zai yi. Yace ashe ka yi furfura. Shi ke nan. A gida ya kama fuskar amaryarshi ya daɗe yana kallo, yace to ashe ba a cuce ni ba.

Dokokin bayan aiki su ne wani sabon yaƙin. Maganin ɗigawa kala biyu, kada ruwa ya shiga, kada a murza, kada ƙura, kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada a sunkuya. Agogo ba ruwan Baba da shi, sai uwargida ta ɗaura ɗigawar a kan salloli, in an kira salla a ɗiga, da haka muka samu ya tafi daidai. Sujada ce ya ƙi yarda ya bari, sai da na kawo limamin unguwa ya gaya mai da bakinshi cewa ya halatta ya yi a zaune da ishara na 'yan kwanaki. Baƙin tabarau kuwa ya so shi fiye da yadda na zata, har barci yake so ya yi da shi.

Kwana biyar da aiki nace bari in faranta mai, na kai shi gidan tarihi na Bubu Hama inda ake ajiye namun daji. Kuskure na yi. Ya tsaya gaban kura tana kai da komo, ya tambayi mai kula da su me take ci, sau nawa, suka ɗan yi hira har ya sa mai albarka yace aikinku ba sauƙi. Amma wurin zaki ko minti ɗaya bai yi ba ya juya baya. Yace shi ya ji kukan zaki da dare a Tapoa har ƙasa na amsawa a ƙirjinshi, ba ya son ya kalle shi ta tsakanin ƙarfe, kunya yake ji. Inda ya daɗe shi ne wurin busasshen iccen nan na Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi aka kawo nan. Ya zagaya shi sau biyu yana girgiza kai, yace duk faɗin Tenere a rasa abin da za a kaɗe sai shi.

Wuri ɗaya ya yaba a duk Yamai, bakin kogi kusa da gadar Kennedy gab da magariba, lokacin da belbelu ke dawowa jere-jere saman ruwa. Ya ɗora jumel ɗinshi mai ido ɗaya a kan idonshi mai ɗaya, sun dace kuwa, yana kiran sunaye ni ina gyaɗa kai kamar na sani.

Lokacin nan ana tsakiyar takunkumin da CEDEAO ta sa ma Nijar, Najeriya ta yanke mana kuran tun watan Agustan 2023, dare da yawa unguwa duhu ƙirin. Mu muna ta tsaki, shi ko murna yake. Wani dare wuta ta ɗauke, ina zaune kusa da buzunshi, sai ya cire tabarau ya kwanta rigingine ya yi shiru can yace ga kaza da 'ya'yanta. Ya fara ƙirga su da yatsa. Yace shekara huɗu rabonshi da su. A nan ne na ga kamar dama ta samu, na kawo maganar da na daɗe ina ɓoyo, nace Baba ku dawo nan kai da Inna mana, ga asibiti kusa, ga jikoki, ɗakin nan naku ne, ƙauye in ciwo ya tashi da dare sai an nemi amalanke. Bai yi fushi ba. Yace ɗan birni, ka ga taurarin ga? Sai da wutarku ta mutu sunka fito. Can kullum suna nan. Ni in na zamna nan wata uku, ido zai gani amma ba abin da zai duba. Ban sake tada maganar ba, ko da yake har yau in na tuna amalanken raina ba ya kwanciya.

Kontrol na sati ɗaya ya yi kyau, ya karanta sawun zabo har layi na kusa da ƙasa. Likita ya so ya zauna wata guda, Baba yace ko kwana guda ba ya ƙarawa, aka daidaita kan zai je a duba shi a Tawa, na hagu kuma a yi shi bayan wata biyu ko uku.

A hanyar komawa na biya mai kujerar taga, ɓangaren da muka ga raƙuman dawa da zuwa. Tun daga fita gari ya kafa ido. Ni addu'a nake Allah ya sa su fito ko guda ɗaya. Abin da ya riƙa gani kuwa manyan motoci ne shaƙe da itace suna nufar Yamai, da tarin itacen saidawa a bakin kwalta, da gonaki inda ya bar kurmi. Ya ƙirga motocin har tara ya daina. Yace geza ce wannan, abincinsu na damina, ku ke dafa shinkafa da ita. Na yi shiru don buhun gawayi biyu ne a kicin ɗina. Muka wuce Kure, muka gangara dallol, muka haye, ko wuya ɗaya ba mu gani ba. Ya maida jumel cikin jaka yace ba komai, da rana tsaka suna inuwa, ya san inda suke.

Yanzu maganar idon hagu muke. Wata uku ɗin likita sun zama shekara da wani abu. Na kira shekaranjiya, ƙanena ya kai mai waya bakin tabki, ina jin iska na busawa, kafin in gama gaisuwa yace in yi magana a hankali akwai gauraka biyu gabanshi. Nace Baba saura ɗayan idon fa. Yace ya ji, bari shamuwa ta zo a yi shuka tukuna.